Shekarar da Muka Riƙe Fad Ɗaya Ni da Babanku

A shekarar da zan ba ku labarinta, babu ko ɗaya a cikinku da yake gida. Hadiza tana ɗakin mijinta a Bida da goyon fari, Usman yana karatu a Zariya, Safiya kuma tana makarantar kwana. Duk abin da kuka sani ji kuka yi, kuma na san abin da kuka ji: wai na mayar da babanku yaro, na zaunar da shi gaban talabijin yana wasan aljanu, na kuma yi wa yayansa rashin kunya a falona. Ban taɓa musawa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba duka aka ba ku ba. Yanzu da idona ya fara rauni, gara in rubuta da hannuna tun ina iyawa.

Kun san babanku da sunan Injiniya, ko da yake bai taɓa shiga jami'a ba. Shagonsa yana Limawa, kusa da masallacin da yayansa, Baffa Liman, yake limanci. Janareta, injin jawo ruwa, injin niƙa, duk abin da yake juyawa da wuta idan ya mutu wurinsa ake kawowa. Yakan kara kunne jikin inji ya ce ga inda ciwon yake, a buɗe a tarar haka ne. A shagon ciwon ya same shi, da hantsi, cikin zafin nan na Minna da ke zuwa kafin ruwan fari. Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana, sai hannun ya ƙi zuwa. Ina aji ina koyar da 'yan aji huɗu aka zo aka kira ni. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki na dama. Muka yi mako uku a asibiti, muka dawo gidanmu na Fadikpe.

Ƙafar ce ta fara dawowa, har yana jan ta zuwa bayi da sanda. Harshen ma ya ɗan saki, kalma ɗaya ko biyu da nauyi. Hannun ne ya kwanta a kan cinyarsa kamar na wani aka ajiye masa. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta asibitin ta ba shi 'yar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Ya dube ta, ya dubi ƙwallon. Muna isa gida ya ɗauke ta da hagu ya wurga ta bayan katanga. Daga nan ya juya fuskarsa ga bango. Mutumin da ba ya iya zaman minti goma ba tare da ya kwance wani abu ya ɗaura ba, ya koma yini guda yana kallon fenti. Masu dubiya su zo, ya rufe ido kamar mai barci. Abinci sai na yi ta lallashi. Ni ba mutuwar hannun ce ta tsorata ni ba. Na ga mutumin ne yake janyewa daga cikin jikinsa a hankali, kuma ban san da me zan riƙe shi ba.

Maƙwabcinmu na katanga ɗaya, Malam Bitrus, ai kun tuna shi. Mutumin kudancin Kaduna ne, mai gyaran rediyo da talabijin, ya fi shekara ashirin a unguwar. Shi da babanku abokan gardama ne, kullum suna musu kan waye aikinsa ya fi buƙatar ƙwaƙwalwa. Wata Asabar ya yi sallama ya shigo rungume da kwali.

"Maman Usman, ɗana ya tafi aiki Legas ya bar min wannan. Gem ne, wasan da ake haɗawa da talabijin. Faifai ɗaya kawai yake aiki a ciki."

"Malam Bitrus, mutumin da ba ya ko duban mutane ne zai yi wasan yara?"

"Wannan ba na yara ba ne. Ni kaina na gwada, na kusa gudu na bar ɗakin. Ki bari kawai in haɗa. In bai so ba, in kwashe kayana."

Ya haɗa da talabijin ɗinmu, ya zauna a ƙasa ya riƙe abin sarrafawar da yake kira fad, ya fara. Babanku yana kwance a doguwar kujera ya ba mu baya.

Bari in gaya muku yadda wasan yake, domin har yau ina ganinsa idan na rufe ido. Wata tasha ce a can sararin samaniya, tana shawagi a gefen wata duniya mai launin toka, inda ake haƙar ƙanƙara. Ma'aikatan tashar sun daina amsa kira, sai aka aika mutum ɗaya ya je ya duba. Ba soja ba ne, mai gyara ne. Abin da yake ɗauke da shi tocila ce, da abin walda, da tulun iska a bayansa wanda ke raguwa yana kallo. Ya tarar da wuta a ɗauke, mutane sun mutu, kuma akwai wani abu da ke yawo cikin bututun bango, ba ya gani amma yana jin motsi. Aikinka ka gyara tashar sashe bayan sashe, ka fita da ranka.

Malam Bitrus ya kai mutumin gaban wani babban janareta, ya yi ta danne-danne, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya mutu. Sau huɗu. Sai muka ji murya daga kujera, da nauyi, kamar daga cikin rijiya.

"Mai."

Muka juya. Babanku ya juyo, idonsa a kan talabijin.

"Buɗe... mai... tukuna."

Malam Bitrus ya nemo wani jan famfo a gefen injin ya murɗa, ya sake tayarwa. Injin ya kama, fitilun tashar suka kunnu ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen baranda. Babanku ya yi wani sauti da na yi wata biyu ban ji ba. Dariya ce, ta rabin baki.

"Mai rediyo," in ji shi.

"Oga Injiniya, to zo ka yi da kanka mana, tunda ka iya!"

Matsalar ita ce fad na hannu biyu ne. Hagu ke tafiyar da mutumin, dama ke juya kansa, ta kunna tocila, ta buɗe ƙofa. Malam Bitrus yana da shagon da zai buɗe. Don haka ni, mai shekara hamsin da 'yan kai, wadda ko rediyo ba ta iya canja wa tasha, na jawo kujerar tsugunno na zauna a damansa. Shi ya riƙe ɓarin hagu, ni na riƙe na dama, muka ɗora hannunsa mara lafiya a kan nawa don kada ya rataya. Haka muka fara. Kullum na taso daga makaranta, mu yi azahar, mu ci abinci, in saki labule domin duhun wasan ba ya ganuwa da hasken rana, mu zauna. Idan babu wuta, Malam Bitrus ya jefo mana waya ta kan katanga daga ɗan janaretansa. Kwanakin farko mun sha kunya. Shi ya nufi ƙofa, ni na juyar da kan mutumin yana kallon rufi. Abin cikin bututu ya kashe mu ya fi a ƙirga. Babanku ya yi tsaki, ni in ce ai shi ne ya taka gwangwani.

Wanda ya ƙera wasan nan ya san tsoro, wannan ba zan hana shi ba. Ba da abin da yake nuna maka yake kama ka ba, da abin da kake ji ne. Ƙarfe yana ƙara a nesa, ruwa yana ɗiga, sai ka ji wani abu ya ja jiki a saman kanka ya tsaya. Akwai wurin da dole ka fita wajen tashar ka bi ta jikinta, a nan kuma duk sauti yake ɗaukewa, ba ka jin komai sai numfashin mutumin da bugun zuciyarsa, ga taurari birjik ba sama ba ƙasa. Ranar da muka fara fita, babanku ya tsayar da mutumin, iskarmu tana raguwa, ya yi ta kallo. Ya ce, "Subhanallahi." Abu na biyu da ya kama shi shi ne injinan. Ya ce wanda ya zana su ya taɓa riƙe sifana, domin komai yana inda ya kamata, kuma in ka tsallake mataki inji ba zai tashi ba. Ni kuma abin da ya kama ni saƙonnin da matattun ma'aikatan suka bari ne. Da Turanci suke, rubutun ƙanana kamar tururuwa, sai na matsa dab da gilashin talabijin nake karantawa in fassara masa. Wata tana yi wa 'yarta alkawarin dawowa kafin bikinta. Wani yana ƙorafin abincin kantin. Na sayi littafin rubutu irin na ɗalibaina na riƙa zana taswirar tashar, ina sa alama inda muka mutu.

Amma wasan yana da aibu, kuma babanku bai ɓoye masa ko ɗaya ba. A gaskiya zagin wasan ne ya fara sakar masa harshe. Kowace ƙofa tana son fiyus uku, kuma an watsa su a ɗakuna masu nisa da juna.

"Wane... sakaran injiniya ne... zai ajiye fiyus a kicin?"

Mutumin kuma idan zai juya sai ka ce tifa ce a lungu, kafin ya waiwaya an gama da shi. Ka gyara injin iska a ce na ruwa ya lalace, ka gyara na ruwa a mayar da kai inda ka fito, ta baranda ɗaya, sau biyar. Babanku ya ce wannan ba aiki ba ne, aike ne. Babban aibunsa kuwa, wanda ya jawo mana abin da ya jawo, shi ne ba ka iya ajiye inda ka kai sai ka isa wani ɗan akwati a bango, kuma akwatunan suna da nisa. In aka ɗauke wuta kafin ka isa, ko ka kashe na'urar, aikin awa guda ya tafi.

Cikin wata na biyu ne, muna wani ɗakin sanyi, abin ya faɗo daga rufi a bayanmu. Na ruɗe, na rasa maɓallin da zan danna. Sai na ji an ture min yatsa. Babban yatsansa na dama ne, ya zame daga kan nawa ya danna da kansa. Ƙofa ta rufe tsakaninmu da abin, muka tsira. Shi bai ma lura ba, yana ta haki yana kallon gilashi. Ni na lura. Na ce zan duba tukunya, na shiga kicin na toshe bakina da gefen zane na yi kuka har na gode wa Allah. Daga ranar na riƙa janye hannuna kaɗan-kaɗan, yau maɓalli ɗaya, bayan kwana huɗu biyu. Ma'aikaciyar gashi da ta ga yatsun suna motsi ta tambaye shi ko yana matsa ƙwallon. Ya ce, "Sosai."

Ranar da Baffa Liman ya zo, Laraba ce. Ba zan rage laifinmu ba. An kira la'asar, mun ji, amma saura baranda ɗaya mu kai akwatin, sai babanku ya ce mu ƙarasa. Baranda ɗaya ta zama uku. Baffa ya yi sallama sau biyu ba mu ji ba, ya ɗaga labule ya shigo. Abin da ya gani shi ne ɗaki mai duhu da rana tsaka, gawarwaki a talabijin, ƙaninsa mai hawan jini ya jiƙe da gumi, matarsa tana gefe da littafi tana cewa "hagu, hagu!" Daidai lokacin kuma abin ya fasa bango da ƙara, babanku ya zabura har sandarsa ta faɗi.

Baffa ya tsaya ya ƙare wa ɗakin kallo. Sannan ya ce:

"Shehu, ka yi la'asar?"

Babanku ya sunkuyar da kai.

"Rakiya, mutumin da Allah ya jarraba, maimakon ki sa shi istigfari, sai ki rufe shi a duhu da hotunan shaiɗanu? In jininsa ya sake hawa fa? Ki kashe wannan abin, a fitar da shi daga gidan nan yau. Gobe zan turo mota a kawo shi Limawa. A can akwai masu kula da shi, akwai masu yi masa addu'a."

Shekara ashirin da takwas ina gidan babanku ban taɓa ɗaga ido na dubi Baffa ba. Shi ya riƙe babanku bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya nema masa aurena. Na durƙusa kamar yadda na saba, amma bakina ya ƙi yin shiru.

"Yaya, maganar salla gaskiyarka ce, mun yi kuskure, kuma ba za a sake ba. Amma abin nan ba zai fita ba, shi ma ba zai tafi ba."

"Me kika ce?"

"Wata biyu kuna zuwa yana ba ku baya. Ni na kwana da shi na tashi da shi. Ban ga abin da ya juyo da fuskarsa ba sai wannan. Ka dubi yatsansa, Yaya."

Bai duba ba. Ya dubi ƙaninsa ya ce, "Kai ma haka ka ce?" Babanku ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Ina nan, Yaya." Baffa ya sa takalminsa ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Ga abin da ya biyo baya, tunda shi kuka fi sani. Baffa bai sake taka gidanmu ba. Matan gidansa suka daina amsa min gaisuwa da sakin fuska. Abincin salla da na aika aka karɓa, aka dawo da kwanon ba ko ƙwayar goro a ciki. A bikin dangi ina shiga hira take mutuwa. Na ji da kunnena wata tana cewa malamar boko ta mallake musu ɗan'uwa. Lokacin auren Safiya, Baffa ya yi waliccinsa kamar yadda ya kamata, amma ta bakin Usman ya riƙa aiko min da saƙo. Abin ya yi min ciwo fiye da yadda na nuna muku. Kuma kada ku ɗauka shi mugu ne. Tsoronsa na gaskiya ne, ni ma na ji irinsa. Tun daga ranar na sa doka: ana kiran salla nake zare waya daga bango, ko muna bakin akwatin. Na kuma sayi abin awon jini, kullum in auna shi kafin mu fara da bayan mun gama. Akwai ranakun da na hana wasan gaba ɗaya, ya yi fushi ya ƙi yi min magana har magariba.

Mun gama wasan bayan ƙaramar salla, lokacin shi kaɗai yake riƙe fad, ni sai taswira. Kashi na ƙarshe bai yi daɗi ba. Sun nuna abin a fili cikin haske, sai ga shi kamar akuyar da aka feɗe aka ƙara mata ƙafafu. Na fashe da dariya, tsoron wata huɗu ya tafi a banza. Suka kuma ba mutumin bindiga, suka turo irin abin rututu, wasan ya koma harbe-harbe. Babanku ya ce sun mayar da mai gyara soja, sun ɓata shi. A ƙarshe mutumin ya shiga wani ɗan ƙaramin kumbo ya bar tashar, aka nuna shi yana nisa cikin duhu, iskarsa saura kaɗan, sai gilashi ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa.

"Shi ke nan?" in ji babanku. "Ba wanda ya zo tarbarsa?"

Ya kira Malam Bitrus ta kan katanga ya kai masa ƙara, kamar shi ya ƙera. Suka yi awa guda suna musu. Malam Bitrus ya ce tabbas an cece shi, babanku ya ce da wannan iskar ba zai kai ko'ina ba. Ina kicin ina jin su, sai na lura jimla yake yi cikakkiya, har da zagi.

Hannun bai dawo duka ba, kada wani ya gaya muku ya dawo. Yatsu biyu na ƙarshe sun kwanta har ya koma ga Allah. Ban kuma san nawa ne na wasan, nawa ne na magani, nawa ne na addu'ar da Baffa bai daina yi masa ba ko da yana fushi. Abin da na sani, babanku ya koma shagonsa ya zauna a kujera yana kara kunne jikin injuna, yana cin tuwonsa da damansa, yana bin yayansa salla a masallacin Limawa. Su biyun sun shirya tun a shekarar. Ni ce aka bari a waje. Shekara uku Allah ya ƙara mana tare, kuma ban taɓa samun shekaru masu daɗinsu ba.

Da ya rasu, Baffa ne ya sallace shi. Ya yi min ta'aziyya daga bakin ƙofa, kalmomin da ake yi wa kowa. Bayan shekara guda na ji ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Na yi kwana biyu ina shawara da zuciyata, rana ta uku na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Limawa. Matarsa ta yi mamakin ganina, amma ta shigar da ni. Yana kwance a kan katifa, ya rame, carbi a hannunsa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Na ajiye fulas, na fara gyara mayafi zan tashi.

"Rakiya."

"Na'am, Yaya."

"Shehu ya yi ta ba ni labarin mutumin nan na cikin talabijin, mai gyaran inji. Kullum bayan azahar sai ya ba ni kaɗan. Bai ƙarasa min ba." Ya juya carbinsa. "Wai ya tsira kuwa?"

Na tuna baƙin gilashin nan da iskar da ta kusa ƙarewa. Har ga Allah ban sani ba, kuma ba wanda ya sani.

"Ya dai fita da ransa, Yaya."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. Ya nuna tabarmar da ke kusa da katifarsa. "Matso nan ki zauna. Zuba min kunun, ki faro min daga inda ya fita waje ya ga taurari."